IDAN KUƊIN TALLAFI YA ƘARE, ME KE SAURA? DARASI DAGA ƘASAR FUNTUA DA MALUMFASHI

Jama'a, tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a farkon 2025, ta kuma rufe hukumarta ta USAID, sannan Ingila ta ce ita ma za ta ƙara rage nata kason, nake ganin mutane suna ta jimami a shafukan nan. Wasu na cewa shirye-shiryen koyar da sana'a da horar da matasa sun mutu ke nan. To ni ina ganin mu 'yan kudancin Katsina bai kamata abin ya zo mana a baƙo ba. Yau shekara hamsin ke nan ana gwada irin wannan horo na kuɗin waje a kanmu, kuma tarihin ya riga ya nuna mana abin da ke tsayawa da abin da ke bin ruwa. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun.

Horar da manomi a ƙasar nan ya girmi Bankin Duniya. Tun shekarun 1920 Turawa suka buɗe gonar gwajin auduga a Daudawa, ga tashar bincike a Samaru ta Zariya, ga layin dogo da ya ratsa Funtua ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Malamin gona na wancan zamani aikinsa ɗaya ne: ya tabbatar ka shuka irin da aka ba ka, a lokacin da aka ce, ka kai kaɗarka kasuwar auduga a auna. Ilimi ne, amma ilimin da masaƙun Ingila ke buƙata.

Babban sauyi ya zo a 1975. Shekara biyu kafin nan, shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya yi wani jawabi a Nairobi inda ya ce bankin zai juya hankalinsa ga ƙaramin manomi. A Najeriya, zamanin Gowon, kuɗin fetur na shigowa, sai aka zaɓi wurare uku don gwaji: Funtua, Gusau da Gombe. Namu shi ne ya fi samun kaso, lamunin dala miliyan 29, sauran kuɗin kuma daga gwamnatin tarayya da ta jiha. Ku lura da kalmar: lamuni. Mutane da yawa har yau suna ɗauka kyauta ce. Bashi ne, kuma ƙasa ta biya.

Aikin ya game gundumomin Funtua, Bakori, Faskari, Ƙanƙara da Malumfashi, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa ƙanana, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri a ƙauyuka don kada manomi ya yi doguwar tafiya. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓangaren mutane. An ɗauki samari da yawa, an horar da su aikin malamin gona, an koya wa wasu tuƙin tarakta da gyaranta, wasu awon ƙasa, wasu riƙon sito da lissafi. Ko da yake ba a kira shi makaranta ba, a aikace wata babbar kwalejin koyon aiki ce aka shimfiɗa a kan gundumomi biyar.

Me ya tsaya?

Masara ta tsaya. Kafin aikin, masara abin bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Dawa da gero su ne abinci, auduga ita ce kuɗi. Da aka kawo ingantaccen iri, ga taki da gwamnati ta sauƙaƙa farashinsa ƙwarai, ga malamin gona yana nuna tazarar shuka da lokacin zuba taki, sai manoma suka gani da idonsu. Daga nan ba su ƙara buƙatar wani ya lallashe su ba. Maƙwabci ya koya daga maƙwabci, ɗa ya koya daga uba. Duk wanda ya ga manyan motoci suna lodi a kasuwar Dandume ranar kasuwa, to yana kallon gadon wancan horo ne. Haka bakaniken da ya koyi gyaran tarakta: aikin ya tashi, shi kuwa ya buɗe garejinsa, ya yaye yara.

Me ya rushe?

Duk abin da rayuwarsa ta dogara da albashi, man babur da kayan gyara daga ofis. Wa'adin aikin ya cika wajen 1980. An so a faɗaɗa shi ya game jiha, amma gwamnatin Balarabe Musa ta PRP ta ja da sharuɗɗan, musamman batun miƙa ragamar gudanarwa ga ƙwararrun ƙasashen waje. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello su ma sun yi suka cewa manyan manoma, 'yan kasuwa da masu sarauta ne suka fi cin moriyar taki, bashi da ziyarar malaman gona, ƙaramin manomin da aka ce don shi aka zo yana can baya. Ko mutum ya yarda da Balarabe ko bai yarda ba, tambayar da ya ɗaga tana nan da ranta: wa ke riƙe da aikin, kuma wa zai riƙe shi in baƙi sun tafi?

An tsige shi a 1981, daga baya aka faɗaɗa shirin. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar KTARDA ta gaji aikin. Amma kafin nan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, an soke hukumar cinikin auduga, taki ya fara tsada. Da Bankin Duniya ya janye hannunsa daga ɗaukar nauyin waɗannan hukumomi a shekarun 1990, sai malaman gona suka riƙa tsufa suna ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata. Shirin Sasakawa ya zo ya ɗan farfaɗo da gonakin gwaji, Fadama ma ya zo ya taɓa noman rani, amma kowanne da wa'adinsa. Ka tambayi matashin manomi a Ƙafur ko Danja yaushe rabon da malamin gona ya taka gonarsa, ka ji amsa. Yau mai shagon maganin feshi shi ne malamin gona, alhali shi ciniki ya fito yi.

Yanzu bari mu dubi wani salo daban. Daga 2012 zuwa 2020 gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin wani shiri na samar da mata ma'aikatan lafiya a jihohin Arewa, ciki har da Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe. Wannan kam tallafi ne, ba bashi ba. Matsalar da aka hango a fili take: a ƙauye mace na naƙuda, babu ma'aikaciya mace, maigida kuma ba ya son namiji ya duba iyalinsa, 'yan matan ƙauyen kuwa ba su da sakamakon jarrabawar da zai shigar da su makarantar lafiya. Sai aka ƙirƙiro shekarar share fage: al'umma ta zaɓo 'yarta, a gyara mata Turanci, lissafi da kimiyya, ta sake jarrabawa, ta shiga makaranta, da alƙawarin za ta koma ta yi wa garinsu aiki. Har matan aure masu goyo aka yi wa tanadin wurin renon yara.

Abin da ya bambanta shi da aikin 1975 shi ne ba a kafa wata sabuwar daula a gefe ba. An shiga cikin makarantun da jiha ke da su ne, irin makarantar ungozoma ta Malumfashi, aka taimaka da ɗakunan kwana da horar da malamai, don su cika sharuɗɗan hukumar da ke ba su izinin yaye ɗalibai. Shirin ya ƙare, makarantar na nan, takardar shaidar da yarinya ta samu kuma tata ce har abada. Sai dai shi ma yana da inda yake ɗingishi: in jiha ba ta ɗauki wadda aka horar aiki ba, ko rashin tsaro ya hana ta zama a asibitin ƙauyensu, kamar yadda muke gani a sassan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, to an yi shuka ne an bar wa tsuntsaye.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi ke nan. Horo yana rayuwa ne in ya sami ɗaya daga cikin gida biyu: kasuwar da za ta biya mai ilimin, kamar masara da gareji, ko makaranta da kasafin jiha da za su ci gaba da shi. Wanda bai sami ko ɗaya ba, ranar da motocin masu tallafi suka juya, ranar ya fara mutuwa. Da tabarmar aro ba a yin shimfiɗar dindindin.

Muna ma da misali na gida. Asusun da yau ake kira TETFund, wanda gine-ginensa suka cika jami'o'i da kwalejojinmu, daga harajin kamfanonin cikin ƙasa yake, kuma gwagwarmayar ASUU ce ta haife shi a farkon shekarun 1990. Shi ya sa babu wani zaɓe a Amurka da zai rufe shi.

Don haka duk lokacin da aka zo ƙaddamar da sabon shirin horar da matasa a Funtua ko Malumfashi, ko na Bankin Duniya ne irin AGILE, ko na wata ƙungiya, kafin mu yi tafi mu yi tambaya huɗu. Kyauta ce ko bashi? A wace makaranta tamu zai zauna? Wa zai biya malamai in wa'adi ya cika, kuma yana cikin kasafin jiha? Wanda aka horar, wa zai ɗauke shi aiki ko ya sayi abin da ya iya? 'Yan majalisarmu na jiha su ya kamata su fara yin waɗannan tambayoyi, mu kuma mu tambaye su.

Masu iyaye ko kakanni da suka yi aiki a shirin gona na Funtua, don Allah ku zauna da su ku ji labari, ku rubuto mana a ƙasa. Mutanen nan suna ƙarewa, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kowane fayil.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu.