Tarihin Kuza a Jos: Daga Gawayin Liruwe Zuwa Wutar Lantarki

Da yawa daga cikinmu kuza ce ta kawo kakanninmu wannan gari, amma kaɗan ne suka san abin da ke faruwa da baƙin yashin nan bayan an wanke shi an zuba a buhu. To a can ne arzikin yake, a can ne kuma aka bar mu a baya.

Kuzar da ake tonowa ba ƙarfe ba ce tukuna. Farin ƙarfe ne da ya haɗe da iskar oksijin ya zama baƙin yashi mai nauyi, kuma sai an raba shi da iskar nan kafin a ga ƙarfen. Tun kafin Turawa su zo, maƙeran Liruwen Kano, wato Ririwai ta yau, da na Liruwen Dalma sun iya wannan aiki. Sukan cakuɗa kuza da gawayi a tanderun laka, su yi ta hura wuta da zugazugi. Idan zafi ya haura digiri 1,000, sai gawayin ya janye oksijin ɗin, ya fice tare da shi a matsayin hayaƙi, ƙarfen kuma ya tsiyaye ƙasa kamar ruwa. Daga nan sai a zuba shi a ramukan da aka yi da tsinken ciyawa, ya daskare siriri-siriri, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Ba su san sunan oksijin ba, amma abin da manyan masana'antu ke yi har yau ke nan, tanderun ne kawai ya ƙara girma.

Waɗannan tsinkayen dalma ne 'yan kamfanin Neja suka gani a kasuwa, suka bi sawu har suka iso tsaunin nan a farkon shekarun 1900, suka kafa sansani a Naraguta. Cikin 'yan shekaru aka yanka ƙasa aka raba wa kamfanoni, gonakin Birom da na maƙwabtansu suka koma filin haƙa, maƙeran Liruwe kuma aka raba su da wuraren da suke samun kuza har sana'ar ta mutu. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, aka riƙa lodin kuza ɗanya zuwa Ingila a narke ta a can. Ko wutar lantarkin da kamfanin NESCO ya jawo daga Kurra wajen 1930, don injinan haƙa da na tura ruwa aka kawo ta. Sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri, bayan an shafe kusan shekara 50 ana fitar da ita a buhu.

Me Turawa ke yi da ita? Babban aikinta a lokacin shi ne gwangwani. Baƙin ƙarfe yana tsatsa idan ya haɗu da ruwa da iska, kuza kuwa ba ta cika yi ba, don haka ake lulluɓe falle na ƙarfe da ita a zuba madara ko kifi a ciki. Da can tsoma fallen ake yi cikin narkakkiyar kuza, ya fito da kauri. Daga shekarun 1930 sai aka koma ga lantarki. Ana narkar da gishirin kuza a ruwa mai sinadari, a tsoma sandar kuza a haɗa ta da wayar batir mai alamar tarawa, fallen ƙarfe kuma a haɗa shi da mai alamar ɗebewa. Da wuta ta bi ta cikin ruwan, sai ƙwayoyin kuza su riƙa barin sandar suna bi ta ruwan suna manne wa fallen, kaɗan-kaɗan, daidai gwargwadon wutar da aka sake. Masana na kiran wannan elektirolisis. Da shi aka iya yin shafe siriri ƙwarai, kuzar da ke rufe gwangwani ɗaya a da ta isa ta rufe da yawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa dabarar. Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, ta juyo kan Filato. Aka riƙa kamo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin dole a filayen haƙa har zuwa 1944, da dama suka mutu saboda sanyi da cuta da rashin abinci. A 1943 abin da aka haƙa ya kai wajen tan 17,000, ba a sake kaiwa haka ba. A daidai lokacin da ake wahalar da mutanenmu don a ƙara kuza, masana'antun Amurka suna koyon yadda za su rage buƙatarta.

Sai kuma alminiyom. Shi ya fi kuza riƙe oksijin nesa ba kusa ba, gawayin tanderu ba ya iya ƙwace ta daga gare shi, shi ya sa kakanninmu ba su san shi ba duk da yawansa a cikin ƙasa. A 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano cewa idan aka narkar da garinsa cikin wani gishiri a zafin kusan digiri 950 aka sakar masa lantarki mai ƙarfi, ƙarfen zai taru a ƙasan tukunya. Da ya yi araha, sai gwangwanin lemo ya koma nasa. Abin mamaki, har sunan ya gada: tukunyar dalmar da ake ƙerawa a kasuwanninmu yau ta alminiyom ce.

A Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas. Manyan kamfanonin da suka rage a Bukur da Barikin Ladi suka tattara, Makeri ma daga baya ta tsaya. Aka bar mana ɗaruruwan tafkuna da ramuka waɗanda ba a cike ba.

Yanzu kuza ta sake yin daraja, domin kusan rabin wadda duniya ke amfani da ita tana tafiya ne wajen liƙa wayoyin cikin kayan lantarki irin su salula da kwamfuta. Matasanmu sun koma ramuka da shebur da igiya, wani lokaci ƙasa ta rufta da su. Abin da suka fito da shi a kilo ake saye, kuma mafi yawansa a buhu yake barin Jos, ɗanye, kamar a 1914.