Fayafayen Messiah na Handel

Messiah waƙar oratoriyo ce da harshen Turanci, wato doguwar waƙar addini ta gungun mawaƙa da makaɗa wadda ba a yin wasan kwaikwayo a cikinta. George Frideric Handel, haifaffen Jamus mazaunin Landan, shi ya tsara ta a shekarar 1741. Charles Jennens ne ya tattara baitocin daga Littafi Mai Tsarki a kan rayuwar Almasihu. An fara rera ta a birnin Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742. Fitattun fayafayenta sun kasu gida biyu: masu bin al'adar taron mawaƙa mai yawa, da masu neman komawa ga tsarin Handel na asali.

Tushen bambancin

A Dublin mawaƙa kusan 30 ne suka rera ta. Bayan rasuwar Handel a 1759 adadin ya yi ta ƙaruwa. Mozart ya ƙara mata kayan bushe-bushe a 1789, kuma a bikin Crystal Palace na 1857 mawaƙa sun kai kimanin 2,000. Wannan al'adar ce fayafayen farko suka gada.

Salon taro mai yawa

Thomas Beecham ya ɗauki waƙar sau uku: 1928, 1947 da 1959. A faifan 1959 ya yi amfani da tsarin Eugene Goossens mai ƙarin kayan kiɗan da Handel bai rubuta ba, tare da mawaƙi Jon Vickers. Malcolm Sargent kuma ya yi faifansa na 1946 da ƙungiyar Huddersfield Choral Society ta arewacin Ingila. Ana yaba wa waɗannan fayafayen saboda kaurin murya da kwarjini, amma yawan mawaƙa yakan rage saurin waƙar, ya kuma danne baitoci masu gudu.

Komawa ga asali

A 1966 Colin Davis ya yi faifai da London Symphony Orchestra, inda ya rage mawaƙa ya ƙara sauri. A daidai lokacin Charles Mackerras ya fitar da nasa tare da Janet Baker. Dukansu da kayan kiɗan zamani suka yi aiki.

Faifan Christopher Hogwood na 1980 ya zarce haka. Ƙungiyarsa ta Academy of Ancient Music ta yi amfani da kayan kiɗa irin na ƙarni na 18, gungun mawaƙan kuwa yara maza ne da manya daga cocin Christ Church na Oxford. Ya bi tsarin da aka rera a Foundling Hospital a 1754. John Eliot Gardiner ya biyo baya a 1982 da Monteverdi Choir, wadda ta haɗa maza da mata.

Matsalar tsarin asali

Handel da kansa ya riƙa sauya waƙar gwargwadon mawaƙan da ya samu a kowace shekara. Saboda haka babu tsari guda da za a kira na ƙarshe, kuma ko fayafayen masu bin asali sun saɓa wa juna a zaɓin baitoci da muryoyin da ke rera su.