Tarihin 'Yan Kwana-Kwana a Legas, da Rabonmu Mu Mazauna Agege



Duk wanda ya daɗe a Agege ya san yadda abin yake. Ana zaune sai a ji ihu, hayaƙi ya turnuƙe, masu bokiti su yi ta kai da kawowa. Sai wuta ta ci rabin layi a ji jiniyar motar kwana-kwana, jama'a su hau tsaki: "Sai yanzu?" Kafin mu ɗora musu laifin duka, ya kamata mu san daga ina wannan aiki ya faro, me ake koya musu, kuma wane ɓangare ne ya rataya a wuyanmu.

A ƙarni na 19, lokacin da kakanninmu ke kiran garin nan Ikko, yawancin gidajen tsibirin rufin ciyawa ne, manne da juna. Wuta ɗaya takan cinye unguwa sukutum, har gwamnatin Turawa ta riƙa takura wa rufin ciyawa, mutane suka koma kwano. Babu wata hukuma ta musamman ta kashe gobara a lokacin. Da aka zo kafa ta a farkon shekarun 1900, sai aka sa ta ƙarƙashin 'yan sandan Legas.

A nan tarihin ya ɗan taɓo mu. Ɗaya daga cikin tushen 'yan sandan Legas shi ne rundunar da Kyaftin John Glover ya haɗa a 1863, wadda aka fi sani da Hausawan Glover. Rundunar ta yi ta sauya suna da tsari har aka kafa 'yan sandan Legas a 1896. Ke nan gidan da aikin kwana-kwana ya taso a cikinsa, da gumin Hausawa a harsashinsa.

Bayan samun 'yancin kai, dokar 1963 ta ba aikin kashe gobara hukumarsa ta tarayya, aka raba shi da 'yan sanda. An ƙirƙiro Jihar Legas a 1967, ita kuma ta kafa tata hukumar a 1972. Hedikwatarta tana Alausa a Ikeja, tana da tashoshi a sassan jihar, har da Agege. A 2022 ta cika shekara 50, gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ƙaddamar mata da sababbin motoci sama da 60.

Sai dai tun farko garin ya fi hukumar saurin girma, kuma kowane zamani da irin makamashin da yake kawo wa wuta. A Janairun 1983 dogon benen NET da ke Marina, wanda ya fi kowane gini tsawo a ƙasar nan a lokacin, ya kama da wuta, aka ga cewa kashe gobara a can ƙololuwar bene wani ilimi ne daban. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin sojan Ikeja ya fashe. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba, firgici ne ya kora su cikin magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse. Ranar 26 ga Disamba 2006, a Abule Egba, nan maƙwabtanmu, bututun fetur da aka fasa ya tashi yayin da jama'a ke ɗiba da jarkoki, ɗaruruwa suka ƙone. A Yunin 2018 tankar mai ta kama a gadar Otedola ta haɗa da motoci sama da 50. A Satumbar 2020 kuma tankar gas ta fashe a Iju-Ishaga, nan kusa da mu.

Irin waɗannan masifu ne suka faɗaɗa aikin. Yau sunan hukumar ya haɗa kashe gobara da ceto. Ma'aikatanta ne ake kira in gini ya rufta, in mutum ya faɗa rijiya, ko in tanka ta kife mai yana malala a titi, su zo su rufe shi da kumfa kafin tartsatsi ya same shi. Suna aiki tare da LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar.

Abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne wuta tana rayuwa da abu uku: zafi, iska, da abin da take ci. In ka cire ɗaya ta mutu. Daga nan ake koya masa cewa wuta iri-iri ce. Ruwa yana kashe ta katako da tufafi da takarda. Amma fetur da man girki sun fi ruwa rashin nauyi, in ka watsa musu ruwa sai su hau kansa su bazu. Wutar lantarki kuwa, ruwa hanya yake ba ta ta kama mai watsawar, don haka sai an fara yanke layin. Ana kuma horar da su hawa tsani, ja da mesa, shiga hayaƙi da tukunyar iska a baya, da taimakon farko ga wanda ya ƙone ko ya shaƙe.

Wannan ilimi ba sirri ba ne. Hukumar takan kai shi makarantu da kasuwanni da ma'aikatu, ta nuna yadda ake riƙe tukunyar kashe wuta da yadda ake ficewa daga gini ba tare da turmutsitsi ba. Dalilinsu shi ne, mintunan farko na kowace gobara ba a hannunsu suke ba, a hannun wanda ke wurin suke.

To mu duba unguwanninmu. Cinikin goro da layin dogo ne suka tara Hausawa a Agege, kuma ba a yanka lungunan Zango don manyan motoci ba. Yau mun ƙara da rumfuna da tebura da ajiye Keke Napep a bakin hanya. Ɗaki guda mutum da yawa, ga jarkar fetur ta mai babur a ƙarƙashin gado, ga janareta a bakin ƙofa, ga risho, ga maganin sauro kusa da katifa. An ɗauke wuta an bar hita ko dutsen guga a jone, a dawo da ita ba kowa. Motar kwana-kwana kuwa ruwan da ta ɗauko shi ke nan gare ta, in ya ƙare sai ta je ta sake cikowa. In ta makara a cunkoso, ta iso ta tarar da lungu a toshe da 'yan kallo, me za ta iya?

Saboda haka ga rabonmu. Da an ga wuta a kira 767 ko 112, kyauta ne, kada a jira sai bokiti ya gaza. A faɗi sunan layi da wata alama sananniya, a tura yaro bakin titi ya nuna hanya. A buɗe musu wuri, kada a jefe su ko a ƙwace musu mesa. In an ji warin gas, a rufe kan tukunyar, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki. In mai ya kama a kasko, a kashe murhu a kife murfi. Masu shayi da masu suya su ajiye bokitin yashi kusa. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe, domin iska mai kyau tana ƙasa.

Shugabannin kasuwa, kwamitocin masallatai da malaman Islamiyya, za ku iya rubuta wa tashar Agege ku nemi a zo a koya wa jama'arku. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Abule Egba da na Iju sun kama a gaban idonmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya tsare mu da gobara. Amin.