Talauci da Siyasar Ƙabilanci a Tirinidad: Sake Duba Tawayen 1990

Ranar 27 ga Yulin 1990, 'yan ƙungiyar Jama'atul Muslimin su sama da ɗari, bisa jagorancin Yasin Abu Bakr, suka mamaye majalisar dokokin Tirinidad da Tobago da gidan talabijin na ƙasar, suka yi garkuwa da Firaminista A.N.R. Robinson, a tawayen da ya ɗauki kwana shida. Mutum 24 suka rasu. Da yawa sun ɗauki lamarin a matsayin rikicin addini zalla. Wannan maƙala tana ganin cewa talauci da siyasar ƙabilanci su ne suka share masa fage.

Asalin rarrabuwar tun zamanin mulkin Ingila ne. Bayan 'yanta bayi a 1838, Turawa sun kawo 'yan ƙwadago daga Indiya tsakanin 1845 da 1917, domin su yi aiki a gonakin rake. Jikokin bayi suka karkata zuwa birane da aikin gwamnati, jikokin Indiyawa kuma suka zauna a karkara kan noma. Jam'iyyu suka bi wannan layi: PNM ta Eric Williams ta dogara da baƙaƙen fata, 'yan adawa kuma da Indiyawa. Mai ƙuri'a ya saba duba asalin ɗan takara kafin manufarsa.

Da farashin man fetur ya faɗi a 1986, gwamnati ta nemi rancen IMF, ta zabge kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikata, sannan ta ɗora harajin kayayyaki na kashi 15 a farkon 1990. A unguwanni irin su Laventille, matasa marasa aiki sun samu abinci da mafaka da mutunci a hannun Abu Bakr, wanda ke rikici da hukuma kan filin Mucurapo.

Hujjoji biyu suna ƙarfafa wannan fahimta. Na farko, yawancin Musulmin ƙasar jikokin Indiyawa ne, kuma ba su mara wa Abu Bakr baya ba. Mabiyansa galibi baƙaƙen fata ne da suka musulunta. Na biyu, da ya yi wa jama'a jawabi ta talabijin, talakawan Port of Spain ba su fito kafa sabuwar gwamnati ba, shaguna suka fasa suka kwashi kaya.

Wannan ba ya wanke waɗanda suka zubar da jini. Amma duk gwamnatin da ta bar matasanta cikin yunwa, ta kuma raba arzikin ƙasa bisa asali, ita ce ta buɗe ƙofa ga duk mai wa'azin da ya riga ta isa gare su. Alhakin farko yana wuyan masu mulki.