Bargon ƙyallaye na Amurka: yadda ake ɗinka zanen Log Cabin

Log Cabin, wato bukkar gungumen itace, suna ne na wani tsohon zanen bargo da matan Amurka ke haɗawa da guntayen ƙyalle. Ya yi tashe a shekarun 1860, lokacin yaƙin basasar ƙasar, kuma ana yawan danganta shi da shugaba Abraham Lincoln, wanda aka haifa cikin irin wannan bukka a jihar Kentaki a 1809. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, mata baƙar fata jikokin bayi sun daɗe suna ɗinka wani nau'insa da tsofaffin tufafin aikin gona domin maganin sanyi. A 2002 aka baje kolin bargunansu a wani gidan tarihi na Houston, a 2006 kuma suka fito a kan tamburan gidan waya.

Bargon hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, da yadin baya. Fuskar ƙananan gidaje ce masu kusurwa huɗu. A tsakiyar kowane gida akwai jan ƙyalle, wanda aka ce murhu yake nufi. Gefe biyu ƙyallaye masu haske, ɗaya biyun masu duhu.

Samun zanen ba wuya. Gidan tarihin barguna na jami'ar Nebraska ya sa hotunan tarinsa a intanet, kuma wanda ya iya riƙe mita zai zana shi da kansa a takarda.

Ga awon gida mai santimita 20. A yanka jan ƙyallen 6,5 kowane gefe, sauran kuma dogaye masu faɗin 4, a riƙa cin 0,75 wajen ɗinki. A ɗinka mai haske a gefe guda, a datse saura, a juya a ɗinka wani mai haske, sannan masu duhu biyu. Haka za a zagaya sau uku ba tare da sauya hannu ba, ƙyalle 12 ke nan. Gida 80, takwas a faɗi goma a tsawo, na ba da bargo mita 1,60 da mita 2. Daga nan sai a shimfiɗa hawa ukun a bi su da ɗinki, kada audugar ta dunƙule.

Wurin da sabon hannu ke faɗuwa shi ne guga. In ba a goge bayan kowane ɗinki ba, ko aka ja ƙyallen yana ƙarƙashin allura, gidan zai karkace, kuma ba za a gane ba sai ranar haɗa tamanin ɗin. A wanke ƙyallayen tun farko, domin akwai atamfar da ke zuba. A ganina guntun atamfa da shadda da ke taruwa ƙarƙashin keken telolin Maraɗi da Damagaram sun isa wannan aiki. Masu hasken ne kawai ke ƙaranci, sai an tara su kafin ɗari ya shigo.