Tsohon garin Agadez: gidan tarihin da mutane ke zaune a ciki

A Plimoth ta ƙasar Amurka, an sake gina ƙauyen Turawan Ingila na shekarar 1627, ma'aikata na kwaikwayon rayuwar mutanen da. A Agadez kuwa, kilomita kusan 240 kudu da Arlit, ba a buƙatar kwaikwayo. Har gobe jama'a na zaune a gidajen laka na kaka da kakanni, maƙeran azurfa da dukawa na sana'arsu, Sarkin Abzin na fadarsa.

Hasumiyar babban masallacin, mai tsawon mita 27, da laka aka gina ta. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya garin cikin kayan tarihin duniya. Sai dai laka ba ta jimirin ruwa: ambaliyar 2024 ta rusa gidaje da dama.