Wasan Wuta: Gwajin Da Ya Ci Mutum Biyu A Gaban Lavoisier

Wani ɗalibin kimiyya ne ya turo mini saƙo, ya ce yana sha'awar wasan tartsatsin wuta, irin wanda ake harbawa sama a daren sabuwar shekara, yana so ya fara haɗa nasa a gida, ta ina zai fara? Na daɗe ina juya saƙon nan. Ni kaina akwai tabo a babban yatsana, na nokawut ɗin da na kunna ina yaro, ya yi shiru, na ɗauko in duba me ya hana shi tashi. Don haka amsar da zan ba shi ta tarihi ce, kuma tun yanzu ina faɗa, ba za ku ji yadda ake haɗa komai a bakina ba.

Mu fara daga ƙasar Sin. A wajajen ƙarni na 9, zamanin daular Tang, akwai masu haɗe-haɗen magunguna da ke neman maganin da zai hana mutuwa. Cikin gwaje-gwajensu suka gama farar wuta da wani farin gishiri da ake samu a ƙasa da jikin tsofaffin bangaye, wanda daga baya Larabawa suka raɗa wa suna ƙanƙarar Sin. To abin da ya fi ba ni mamaki, ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da suka ambaci wannan haɗin gargaɗi ne. Marubucin ya ce wasu sun gwada, hannuwansu da fuskokinsu sun ƙone, gidan ma ya kama da wuta, kada kowa ya sake. An fita neman maganin mutuwa, an dawo da albarushi. Sai a 1044 aka rubuta tsarin haɗinsa cikin wani littafin soja na daular Song. Daga nan ya bi ta ƙasashen Larabawa ya isa Turai, mu ma sunan da muke kiransa da shi daga Larabci muka aro, kuma shi ne dai 'yan bindiga ke durawa ranar hawan sallah.

Ɗaruruwan shekaru wasan wuta kusan launi ɗaya gare shi, ruwan zinare da ɗan fari. Jan nan da kore da shuɗi da muke ɗauka a waya sababbin zuwa ne, kuma a nan labarinmu na yau yake.

A 1786 wani masanin kimiyya Bafaranshe, Claude Berthollet, ya gano wani sinadari mai suna kolaret, wanda ke ba wuta iska fiye da tsohon gishirin nan nesa ba kusa ba. Nan da nan aka ce ai an samu albarushin da zai fi na kowa. A watan Oktoba na 1788 aka shirya gwaji a masana'antar albarushi ta Essonnes, kudu da birnin Faris. Cikin mahalarta har da Antoine Lavoisier da matarsa. Ku tuna waye Lavoisier fa. Shi ne ya bayyana wa duniya yadda ƙonewa take, shi ya raɗa wa iskar oksijin suna, kuma yana cikin masu kula da albarushin gwamnatin Faransa. A lokacin da wuya a samu wanda ya fi shi sanin wuta a doron ƙasa.

An jiƙa haɗin da ruwa ana daka shi a turmi, aka kafa shingen katako, Lavoisier ya nace kowa ya tsaya a bayansa. Aiki ya tafi lafiya har aka je karin kumallo. A hanyar dawowa shugaban masana'antar, Letort, da wata matashiya mai suna Chevraud suka riga saura yin gaba. Turmin ya tashi, su biyun suka mutu. Lavoisier da matarsa da Berthollet sun tsira ne don sun ɗan yi jinkiri a baya. A ganina ilimin nan nasu bai tsare su da komai ba a wannan safiyar, tazara ce ta tsare su.

An haƙura da albarushin kolaret, amma masu wasan wuta na Italiya suka ɗauki sinadarin a wajajen 1830. Zafinsa ne ya sa gishirin ƙarafa ke nuna launinsu: sitirontiyam ja, bariyam kore, tagulla shuɗi, sodiyam rawaya. Kyau ya ƙaru, gawarwaki ma suka ƙaru, don ɗan gogayya ko bugu kaɗan ya ishe shi tashi. Ingila ta yi dokar abubuwan fashewa a 1875. Daga irin waɗannan asarori ne aka koyi gina ƙananan rumfuna nesa da juna, ma'aikaci ɗaya ko biyu a kowace, da kaya kaɗan, don in ɗaya ta tashi kada ta ja sauran. Duk inda aka manta da wannan, ana gani. Ranar 13 ga Mayu 2000 ma'ajiyar kayan wasan wuta ta tashi a Enschede ta ƙasar Holan, mutum 23 suka mutu, unguwa guda ta rushe. Ranar 26 ga Disamba 2012 irin haka ta faru a yankin Jankara a Legas, gidaje da shaguna suka ƙone.

To ɗan'uwa mai tambaya, a ƙasashen da wannan ya zama abin sha'awa na halal, ba da turmi ake farawa ba. A Amurka akwai ƙungiyar masu wasan wuta tun 1969, sabon shiga yakan fara ne da ɗaukar kaya, jan igiyar shinge, da share fili bayan an tashi, ƙarƙashin wanda ke da lasisi. Yana koyon me ya sa ake sa tufar auduga, don nailan narkewa yake ya manne a fata, da me ya sa ba a komawa kan wanda aka kunna bai tashi ba. Da na san wannan na ƙarshen, da yatsana lafiya lau. A nan gida kuma ka ƙara da hunturu, lokacin da ko mayafi ka ja sai ka ji tartsatsi, ga gidajenmu a cunkushe, ga yara, ga murhu a tsakar gida. Sannan a Nijeriya haɗa abin fashewa ba lasisi laifi ne, kuma da halin tsaron da ake ciki, ba na jin akwai jami'in da zai saurari bayanin cewa sha'awa ce kawai.

In launukan ne suka ja hankalinka, ka je ɗakin gwaje-gwajen makarantarku, ka roƙi malaminka ya nuna maka gwajin harshen wuta. Ƙwayar gishirin miya a bakin waya, a kai ta kan wutar gas, za ka ga rawayar nan ta tashi. Ta wannan hanyar Bunsen da Kirchhoff suka gano sabon sinadari a 1860, ta raba hasken wutar da na'ura don ganin launukan da ke cikinsa. Labarinsu za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.